Wa Ake Cike wa, Wa Ake Cire wa: Tarihin Ciwon Haƙori a Sabha

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san haƙorin Makka. Hajiya ta dawo daga aikin hajji, ana ta shigowa yi mata barka da sauka, da ta yi murmushi sai zinari ya haska, kowa ya san an je an dawo. Lafiyayyen haƙori ne ake lulluɓewa da zinari ko azurfa, don ado da kuma shaida. Akwai kuma wata shaidar da wasu matafiyan ke dawowa da ita, wadda ba a yi wa kowa barka a kanta, wato giɓi. Saurayi zai bar Tawa ko Damagaram ko Katsina da haƙoransa 32 cif, ya yi shekara uku ko huɗu yana ci-rani a Libiya, ya dawo da bargo da waya da 'yan kuɗin aure, amma turamen tauna biyu ko uku babu su. In ka tambaye shi sai ya ce ciwo suka yi, ya je aka cire.

Abin tambaya shi ne, me ya sa aka cire ba a cike ba? Libiya tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi yawan likitocin haƙori idan aka auna da yawan jama'arta, kuma tun shekarun 1970 dokarta ta ce magani kyauta ne. A Sabha ma, babban birnin yankin Fezzan, inda akasarin 'yan ci-raninmu ke fara yada zango, akwai jami'a mai tsangayar koyon aikin haƙori. Duk da haka, a gari ɗaya, wani ana yi masa ciko ko dashe, wani kuwa abin da ke rabonsa filaya ce. Wannan bambanci yana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu, domin ƙafar Bahaushe ta daɗe tana taka wannan ƙasa.

Zamanin ayari

Kafin Sabha ta zama birni, 'yan ƙauyuka ne na masu noman dabino, irin su Jadid da Gurda da Hajara, a bakin hanyar ayari. Birnin da ake ji da shi a Fezzan a wancan zamani shi ne Murzuk, wanda yake kudu da Sabha. Alaƙar yankin da ƙasashenmu tsohuwa ce ƙwarai. A ƙarni na 13 ikon daular Kanem ya kai har Fezzan, wakilinta yana zaune a Taragin. Daga ƙarni na 16 gidan sarautar Awlad Muhammad ya riƙe Murzuk, garin ya zama mahaɗar hanyar Borno da ta biyo ta Bilma da hanyar Kano da ta biyo ta Abzin da Gat. Harshen Hausa ya zama harshen ciniki a waɗannan zangogi, kamar yadda Larabawan Gadamas da na Tarabulus suka kafa gidaje a Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki.

Ayari kan ɗauki fatu da tufafin Kano da gashin jimina da hauren giwa zuwa arewa, ya dawo da takarda da alharini da madubai da allurai da kayan ƙamshi da ɗan sukari. Yana kuma ɗaukar bayi. A kasuwar bayi, daga Kano har Murzuk har Tarabulus, mai saye yakan buɗe bakin mutum ya duba haƙoransa kamar yadda ake duba na doki, don ya ƙiyasta shekarunsa da ƙarfinsa. Dubban 'ya'yan ƙasar Hausa da Borno, karon farko da wani ya duba bakinsu da kyau ke nan, kuma farashi ake nema. Shi kuma hauren giwa, a Turai ta ƙarni na 18 da farkon na 19 yana cikin abubuwan da ake sassaƙa wa attajirai haƙoran sakawa da su, shi da haƙorin dorina.

Maganin haƙori a wancan lokaci kusan iri ɗaya ne a duk faɗin hanyar. Tsafta dai asuwaki ne, wanda addini ya ƙarfafa, ga gishiri da gawayi da toka. In ciwo ya taso, a tauna kanumfari a danna a kogon, ko a kurkure baki da ruwan gishiri ko na kanwa, ko a nemi tofi da rubutu wurin malam. Mutane da yawa sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori, saboda haka akan yi turare don a kore ta. In duk abin ya faskara sai a tafi wurin wanzami, mai aski da ƙaho da kaciya, ya sa awartakinsa ya fizge, mutum biyu suna danne da mai ciwon. Larabawa ma wurin mai askinsu suke zuwa.

Ilimin da ya wuce wannan yana nan a littattafai. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013, ya zana kayan kankare dattin haƙori da na cirewa, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinari ko azurfa. Amma irin wannan aiki na manyan birane ne da fadojin sarakuna. Likitocin Turai da suka ratsa Fezzan kuwa masu wucewa ne. Walter Oudney ya zauna a Murzuk a 1822 tare da Clapperton da Denham, ya rasu a Janairun 1824 kusa da Katagum, bai kai ga ganin Kano ba. Gustav Nachtigal, Bajamushe, ya iso Murzuk a 1869, ya duba marasa lafiya na ɗan lokaci, ya wuce Borno. Babu wanda ya bar asibiti a bayansa.

Abin lura a nan, a wancan zamani attajirin Gadamas da raƙuminsa ɗari da bawan da ke jan akalar raƙumin, in haƙori ya tasa su gaba, azabar da za su sha kusan ɗaya ce. Attajiri ya fi abinci da hutu, amma kuɗinsa ba za su saya masa allurar kashe zafi ba, domin babu ita a duniya. Ratar da muke gani yau ta buɗe ne bayan da maganin ya samu, aka fara zaɓen wanda zai kai gare shi.

Yadda aka ware baki daga jiki

A 1728 wani Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin tushen aikin haƙori na zamani. A 1840 aka buɗe makarantar likitocin haƙori ta farko a duniya a Baltimore ta Amurka, a ware daga makarantar likitoci. A 1844 da 1846 wasu likitocin haƙori biyu na Amurka, Horace Wells da William Morton, suka gwada gusar da hankalin majiyyaci da iska kafin a yi masa aiki, sannan a 1884 aka samu allurar da ke kashe zafi a wuri ɗaya. Daga nan ciko da wanke jijiya da sa haƙori suka zama aikin yau da kullum ga mai hali.

Sai dai wannan sana'a ta girma ne kamar shago, mai ita yana da kujerarsa da kayansa, ana biyansa a hannu. Gwamnatoci suka saba da kallon baki kamar wani abu dabam da sauran jiki. Ko Ingila da ta kafa tsarin magani kyauta ga kowa a 1948, shekara uku kacal aka yi, a 1951, ta fara karɓar kuɗi a kan haƙoran sakawa da tabarau, har ministan da ya kafa tsarin, Aneurin Bevan, ya ajiye aiki saboda haka. Wannan ɗabi'a ta bi likitancin Turawa duk inda ya je: in kuɗi suka yi ƙaranci, haƙori ne farkon abin da ake cewa kowa ya ji da kansa.

Fezzan kuwa ko wannan ragin bai iso ta da wuri ba. Turkawan daular Usmaniyya sun karɓi yankin kai tsaye a 1842, bayan kashe Abdul Jalil Saifun Nasr, shugaban Awlad Sulaiman, suka mayar da Murzuk wurin da ake tura wanda aka yi fushi da shi, saboda nisa da zazzaɓi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa Ikko, cinikin ayari ya mutu, garuruwan Fezzan suka tsiyace. Italiya ta shiga yankin a 1914 aka fatattake ta a cikin shekarar, ba ta dawo da ƙarfi ba sai 1930. Asibitocinta na kirki a Tarabulus da Bengazi ta gina su, kusa da 'yan ƙasarta da ta kwaso ta zaunar a bakin teku, ciki har da mutum 20,000 da aka sauke a 1938. Kudu kuwa yankin soja ne, abin da aka fi kashe wa kuɗi a Sabha shi ne ganuwar da ke kan tudu. A Janairun 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Leclerc suka taso daga Cadi suka ƙwace Fezzan, suka riƙe ta har 1951. Ɗan abin da aka samu na likita a lokacinsu na soja ne, kuma hankalinsa yana kan zazzaɓin cizon sauro da ciwon ido da annoba.

Ranar 24 ga Disamba 1951 Libiya ta samu 'yanci tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na jama'a ba su karatu da rubutu, masu digiri 'yan ƙalilan ne, mutanen Fezzan gaba ɗaya kimanin 60,000 ne warwatse a ƙasar da ta fi faɗin ƙasashe da dama. Sabha ta zama hedikwatar lardi, amma mai ciwon haƙori a can yana nan inda kakansa yake.

Fetur, sukari da magani kyauta

A 1959 aka haƙo fetur mai yawa a Zaltan, a 1961 aka fara fitar da shi. Ranar 1 ga Satumba 1969 Mu'ammar Gaddafi, wanda ya yi karatun sakandare a Sabha har aka kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, ya kifar da Sarki Idris. Sabuwar gwamnati ta ayyana kiwon lafiya a matsayin haƙƙin ɗan ƙasa, dokar lafiya mai lamba 106 ta 1973 ta tabbatar da haka. Aka gina asibitoci da dakunan shan magani har ƙauyuka, aka ɗauko likitoci da ma'aikatan jinya daga Masar da Indiya da Filifin da ƙasashen gabashin Turai. A 1974 aka buɗe tsangayar haƙori ta farko a ƙasar, a Bengazi. A Sabha aka fara da kwalejin horon malamai a 1976, ta zama cikakkiyar jami'a a 1983, daga baya ta samu tsangayar likitanci da ta haƙori. A Sabha ɗin ne kuma aka yi shelar mulkin jama'a ranar 2 ga Maris 1977, har hoton ganuwar garin ya hau bayan takardar dinari 10.

Gaskiya ce a faɗa, an samu ci gaba mai yawa. Mutumin da ubansa bai taɓa ganin likita ba ya zauna a kujerar likitan haƙori, aka yi masa allura, bai biya ko dirhami ba. Amma fetur ya zo da wani baƙo a tare da maganin. Gwamnati ta riƙa sayo fulawa da shinkafa da man girki da taliya da ganyen shayi da sukari tana sayarwa da araha ta shagunan haɗin gwiwa na unguwanni. Sukarin da a zamanin ayari sai gidan attajiri, ya zama ana auna shi da buhu. Shayin Libiya kuwa kowa ya san shi: mai kauri, mai kumfa, zaƙi har ya yi yawa, ana sha zagaye uku, na ƙarshe da gyaɗa, kuma ana ɗora shi safe da rana da dare. Sai ga lemon kwalba da alewa da biskit sun biyo baya.

Yadda abin ke aiki ba boyayye ba ne. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori. Duk lokacin da sukari ya shiga, sai su ci su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori. Miyau yana gyara ɓarnar in an ba shi lokaci, amma wanda ke kurɓar shayi mai zaƙi sau shida ko bakwai a yini bai ba shi lokacin ba. Da haka ƙaramin tabo ke zama kogo, kogo ya kai ga jijiya, jijiya ta ruɓe ta tara mugunya. Tun daga tabo har zuwa kogo ƙarami, ciko na rabin awa ya wadatar. In ya kai jijiya sai an yi zuwa biyu ko uku ana wankewa, a cike, a sa masa hula. In ba halin wannan, sai cirewa.

To, tsarin gwamnati ya fi ƙarfi a wannan matakin na ƙarshe. An gina shi a kan jiran mai ciwo ya zo, ba a ba rigakafi da duba bakin yara a makarantu muhimmancin da ya kamata ba. Dakunan haƙori na gwamnati suka shahara da dubawa da ba da magani da cirewa. Ƙwararru da kayan aiki masu tsada suka taru a Tarabulus da Bengazi, fiye da kilomita 700 daga Sabha in Tarabulus za ka. Likitan da aka tura kudu yakan ɗauke shi a matsayin horo, yana ƙirga kwanakin komawa bakin teku.

Takunkumi da asibitin kuɗi

Farashin fetur ya faɗi warwas a 1986, yaƙin Cadi ya ci dukiya, sannan a Afrilun 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa Libiya takunkumi saboda jirgin Lockerbie, aka hana jirage shiga da fita. Ba a dakatar da shi ba sai 1999, ba a ɗage shi gaba ɗaya ba sai 2003. Aikin haƙori kuwa kusan komai nasa daga waje ake sayo shi: allurar kashe zafi, garin ciko, kan injin huda, fim ɗin hoto, kayan gyaran kujera. Asibitin gwamnati zai kasance da likita da kujera, amma babu abin cikon. Albashin ma'aikata ya daskare shekara da shekaru.

A daidai wannan lokaci gwamnati ta sassauta hanin da ta yi wa sana'o'in kashin kai tun ƙarshen shekarun 1970. Asibitocin kuɗi suka fara buɗewa, na haƙori suna kan gaba, domin ɗaki biyu da kujera ɗaya sun isa a fara. Likita ɗaya zai yi safiya a asibitin gwamnati yana cirewa, da yamma ya koma nasa yana cikewa. Masu hali sosai kuma suka kama hanyar Tunisiya, zuwa Safakis da Tunis, wasu Masar ko Jodan. Daga nan jama'a suka rabu hawa uku: masu fita waje, masu biya a gida, da masu bin layin kyauta. Sunan magani kyauta yana nan a takarda, amma abin da kyautar ke iya yi wa haƙori ya ragu zuwa fitar da shi.

Hawa na huɗu: marasa takarda

A ƙarƙashin waɗannan akwai wasu. Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 ya kora Buzaye da Hausawa da Barebari daga Nijar da Mali zuwa kudancin Libiya. Wasu sun shiga soja bisa alkawarin za a ba su takardar zama 'yan ƙasa, alkawarin da da yawa ba a cika musu ba. Tubawa kuwa, waɗanda ƙasarsu ta gado ta ratsa Libiya da Cadi da Nijar, rikicin zirin Auzu ya shafe su: bayan da kotun duniya ta ba Cadi zirin a 1994, aka soke takardun da yawa daga cikinsu. Ga kuma makiyayan da tun dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 ba su yi rajista ba, domin suna daji lokacin da ake rubutu. Irin waɗannan iyalai ne suka cika unguwanni kamar Tayuri a Sabha, inda aka haifi yara aka haifi 'ya'yansu ba su da littafin iyali. Da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2013, aka ɗaura albashi da fasfo da tallafi a kanta, sai ƙofa ta ƙara rufuwa. Wanda ba shi da fasfo ba ya zuwa Tunisiya ko da ya tara kuɗin, wanda ba shi da cikakken albashi kuma asibitin kuɗi ya fi ƙarfinsa.

Sai 'yan ci-rani. A shekarun 1990 Gaddafi ya juya fuskarsa zuwa Afirka, ya zo Yamai da Kano a 1997, aka kafa ƙungiyar ƙasashen Sahel da Sahara a Tarabulus a 1998, aka ce ƙofa a buɗe take. Matasanmu suka bi tsohuwar hanyar ayari a bayan manyan motoci, daga Agadas zuwa Dirku zuwa Madama zuwa Gatrun zuwa Sabha. Su ne a gonaki da wuraren gini da gadi da kiwo da wankin mota. An yi shekaru da dama ƙididdigar hukumar ƙaura ta duniya tana nuna 'yan Nijar ne suka fi kowa yawa a cikin baƙin Libiya. Amma a 2007 aka dawo da biza da tsauraran sharuɗɗan zama, dubban mutane suka wayi gari ba su bisa ƙa'ida, sannan doka mai lamba 19 ta 2010 ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya shiga ba izini. Mutumin da ke tsoron a tambaye shi takarda a bakin ƙofar asibiti, ko a tare shi a shingen hanya kafin ya isa, ba zai je don ɗan tabo a haƙori ba.

Mai karatu ya ɗauki misalin lebura mai aikin yini a wata gona a bayan gari. Abincinsa burodi da taliya da shayi, domin su ne masu araha kuma su ke riƙe ciki. Haƙori ya fara tsami in ya sha ruwan sanyi, ya daure. Ya fara hana shi barci, ya aika kemis a sayo masa ƙwayar kashe zafi da kafso. Kumburi ya sauka, ya ɗauka ya warke, alhali ruɓar tana nan tana ci. Wani abokin ɗaki ya ba shi shawarar ɗiga fetur ko ruwan batir, abin da ke ƙone dasashi ya bar ciwon inda yake. Ranar da kunci ya kumbura har ido ya rufe, sai a yi karo-karo a kai shi asibitin kuɗi. Likita zai ce ana iya ceton haƙorin, zuwa uku, kuɗi kaza. Shi kuwa lissafinsa dabam: zuwa uku yini uku ne ba aiki, kuɗin mota sau uku, shingen hanya sau shida, ga gida ana jiran aike kafin damina. Sai ya ce a cire. Wanda ya kira wannan jahilci bai yi masa adalci ba, domin lissafin nasa daidai ne a halin da yake ciki. Haɗarin shi ne wani ba ya kai wa ga likitan: mugunyar turmin ƙasa tana iya gangarawa wuya ta toshe numfashi, kuma tana kisa, balle ga mai ciwon sukari.

Bayan 2011

Faɗuwar gwamnati a 2011 ta ƙara wa Sabha wani ma'aunin, wato unguwar da kake da ƙabilar da ka fito. A Maris 2012 faɗa tsakanin Tubawa da wasu ƙabilun Larabawa ya ci kusan mutum 150. Aka sake a Janairun 2014, aka sake a 2018 a kewayen ganuwar nan ta kan takardar kuɗi. Babban asibitin Sabha, wanda duk Fezzan ta dogara da shi, harsasai sun sha faɗa masa, kuma a lokutan rikici akwai mutanen da ba sa iya zuwa saboda yana yankin abokan faɗansu, sai su nufi Murzuk ko wani gari. Ma'aikatan lafiya baƙi da yawa sun bar ƙasar a 2011 da 2014. Filin jirgin saman Sabha ya yi shekaru a rufe daga 2014. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2017 ya samu kusan ɗaya cikin biyar na asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiyar ƙasar a rufe. A shekarar ce kuma hukumar ƙaura ta ba da rahoton ana sayar da baƙi a Sabha, a kan hanyar da aka sayar da kakanninsu.

Kuɗi ma suka yi nasu. Daga 2016 bankuna suka rasa takardun kuɗi, ma'aikaci yana da albashi a asusu amma sai ya kwana a layi ya samu kaɗan. Dala da gwamnati ke sayarwa dinari 1.4 ta haura ninki da yawa a kasuwar bayan fage, har a Janairun 2021 aka mayar da farashin hukuma 4.48. Tunda kayan haƙori da dala ake sayo su, kuɗin ciko ya bi dala. Kujerar likita tana buƙatar lantarki, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta ma haka, wuta kuwa takan ɗauke na sa'o'i masu yawa a kudu, ga man janareta da ake saya a hannun 'yan bumburutu da tsadar da mutumin Tarabulus bai sani ba. Duk wannan a yankin da rijiyoyin Sharara, mafi girma a ƙasar, ke iya fitar da ganga kusan 300,000 a yini, kuma daga ƙarƙashin ƙasarsa ake tura ruwan sha zuwa Tarabulus tun 1996. Wannan takaici ne ya sa matasan da suka kira kansu Fushin Fezzan suka rufe Sharara a Disamban 2018.

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Kada mai karatu ya ɗauka labarin wata ƙasa ce mai nisa. Saurayin da aka cire wa haƙori a Sabha, a garinsu ma da wuya a cike masa. Likitocin haƙori a Nijeriya sun taru a Ikko da Ibadan da Abuja da manyan asibitocin koyarwa, na Nijar kuma a Yamai. Mutumin ƙauyen Maraɗi ko Zamfara har yau wanzami da mai kemis ne likitansa. A ƙasarmu ce kuma ake samun mafi munin abin da talauci ke yi wa baki, cutar noma da ake kira zaizayar baki, wadda ke farawa daga kumburin dasashin yaro mai tamowa ta cinye kunci da leɓe cikin kwanaki. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma sai a Disamban 2023, bisa jagorancin Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Rahoton hukumar na 2022 ya ce mutum kusan biliyan 3.5 ke fama da ciwon baki da haƙori a duniya, uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali.

Abin da tarihin Sabha ya nuna shi ne yawan likitoci da rubuta kyauta a doka ba su isa ba. Libiya ta yi duka biyun, amma nisa da takarda da dala da tsoro suka tace mutane, har aka koma mai hali ne kaɗai ke riƙe haƙoransa. Kuma abin da zai rage ratar ba mai tsada ba ne. Tun shekarun 1980 aka gwada a Tanzaniya wata hanyar ciko da kayan hannu kawai, ba injin huda, ba lantarki, wadda ma'aikacin lafiya mai matsakaicin horo zai iya yi a aji ko a ƙarƙashin bishiya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa garin wannan ciko, da man goge baki mai sinadarin fulorayid, da wani ruwan azurfa da ake ɗigawa ya tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa a ko'ina ba. Da za a kai waɗannan makarantun Tayuri da Gurda, da na Tasawa da Illela, a duba kowane yaro ba a tambayi lambar ubansa ba, da an rage aikin filaya.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Shugabannin 'yan ci-rani da ke tara kuɗi in an yi rasuwa ko an kama wani, suna iya ware wani abu don kai mai ciwo asibiti tun kogo yana ƙarami. Mai shirin tafiya ya sa buroshi da man goge baki a jaka kusa da asuwakinsa, ya rage cokalin sukari da yawan zagayen shayi, ya kuma sani kafso ba ya warkar da ruɓaɓɓen haƙori. Mu kuma na gida, in ɗan'uwa ya dawo da giɓi, kafin mu tsokane shi mu tuna da abin da ya auna kafin ya ce a cire, da kuma wanda ya ci kuɗin da ya ƙi kashewa a kan bakinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da matafiyanmu gida cikin aminci.